Buta a Kan Bencin Mata

Shekarun baya, tun ban shiga ajin yaƙi da jahilci ba balle in rubuta muku wannan da hannuna, wani ƙullutu ya fito mini a ƙirji, gefen hagu, daidai kan nono. Lokacin hatsi nake sayarwa, ina bin kasuwar Mai'adua da ta Mashi, sai na ɗauka ɗaukar buhu ce. Wanzami ya yi mini ƙaho, matata ta yi ta jiƙa saiwoyi, abu sai girma yake. Daga Daura aka tura ni wani babban asibiti a Kano, aka yanki ɗan nama aka gwada. Likita ya ce sankarar nono ce.

Na ce, "Likita, ka ƙara dubawa dai. Ni namiji ne."

Ya ce ai ya gani. Tana kama maza ma, sai dai ba kasafai ba.

Aka yi aiki aka cire. A gida na ce ciwon ƙirji ne, har abokina da muke rumfa ɗaya abin da na gaya masa ke nan. Sai aka ce dole in riƙa komawa ana ƙara mini ruwan magani, wanda suke kira kemo, in ba haka ba ciwon zai dawo.

Wurin da ake jira baranda ce doguwa. Mata marasa lafiya suna kan benci a bakin ƙofa, mazan da suka rako su kuma suna can nesa ƙarƙashin darbejiya. Ni da ban taɓa zama tsakiyar matan mutane ba, sai na nufi darbejiya. Zuwan farko ban ji kiran nas ba sam, har aka tashi. Na biyu kuwa na ji sunana rangaɗau, amma mutumin da ke kusa da ni yana tsaka da tambayata jikin maiɗakina. Na ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Na kasa tashi. Haka na koma Daura, mota tana jijjiga mini ɗinki tun daga Kazaure.

Da na sake zuwa, na riga na gaji. Na ce a raina in yau ma bai yiwu ba, na bar wa Allah, in zauna gida.

Wata tsohuwa daga cikin marasa lafiyar ta taso da buta za ta famfo. Da ta zo wucewa sai ta tsaya tana kallona.

"Ɗan nan, wa ka rako?"

"Iyali, Inna."

"To. Ita ce ta koya maka riƙe hannu haka?"

Na duba. Ashe hannuna na hagu na tallabe shi da na dama, na ɗan ɗaga shi daga haƙarƙari. Na ɗaga kai na ga nata ma haka yake a cikin mayafi.

Ta ce, "Tashi mu je. Maganarka ta mutanen Daura ce, ni kuma daga wajen Mashi nake. Ba zan bari ɗan ƙasarmu ya mutu a gindin bishiya ba."

"Inna, cikin mata?"

"Kai, ciwon da ya zo maka ya tambaye ka?"

Na bi ta kamar rago ranar kasuwa. Ta ce wa matan su matsa, ta dangwarar da butarta a kan benci, ta nuna mini ƙarshensa.

"Daga buta zuwa can na mata ne, daga nan na maza. Ga iyaka nan, ta fi ta Kongolam, bakin Nijar, tsaro."

Aka yi dariya. Wata mai goyo ta leƙo ta ce, "Malam, gashi zai zube fa. Amma kai ka huta, dama ba ka kitso."

Ranar na shiga aka ƙara mini ruwan.

Ba zan ce muku abin ya yi daɗi ba. Ruwan nan yana sa mutum ya ƙi abinci, ya ƙi magana, ya ƙi kansa ma. Akwai lokacin da sallah a zaune nake yi. Matan nan ne suka koya mini tsotsar tsamiya saboda tashin zuciya, da sa ƙaramin matashi a hammata in zan shiga mota. In na makara sai in tarar da buta tana tsare mini wuri. In kuma na ɓata rai, Inna ta ce, "Yau ɓangaren maza ba a gaisuwa?"

Wani zuwa ban gan ta ba. Mai goyon nan ta ce jiki ya yi tsanani, 'ya'yanta sun mayar da ita gida, Allah Ya yi mata rasuwa. Muka yi mata addu'a. Sannan ta jawo tata butar ta ajiye a wurin. Na zauna.

Na gama magani, yanzu dubawa kawai nake zuwa. Hannun har yau yana kumbura, buhu kuma ya fi ƙarfina, sai awo da kwano. Gajiyar ma ba ta sake ni duka ba. Amma abokina ya san sunan ciwon yanzu, ku ma ga shi kun sani.

Duk ranar da na je Kano, da butata nake tafiya. Kafin in zauna sai na bi ta gindin darbejiyar nan, in yi wa mazan sallama, ina duba yadda kowa ya riƙe hannunsa.