Ɗakin da Inji Ya Ba Wani

Ko da zan manta da duk injinan da na yi aiki da su a rayuwata, ba zan manta da ranar da aka liƙa sakamakon jarrabawarmu ta koyon tsara wa kwamfuta aiki ba. Ni na ci, amma abokina bai ci ba.

Wajen ƙarshen zamanin mulkin Shugaba Ahidjo ne. Gidanmu yana unguwar Briqueterie a Yawunde, kuma mahaifina mai masauki ne. Fatake su sauka, su yi cinikinsu a kasuwar Mokolo, su wuce. Cikin baƙinmu akwai wani saurayi Bafillacen Garwa da aka turo karatu, muka faɗa aji ɗaya. Kullum ina tsokanarsa da Hausarsa mai ƙamshin nono, yana ramawa da cewa ni kaina kwandon zuba hadda ne. Gaskiya ya faɗa, don a basira ya fi ni nesa ba kusa ba. Kawunsa ya kafa masa sharaɗi: in ya faɗi jarrabawar ƙarshen shekara, ya koma gida ya tsare shago, karatu ya ƙare.

Kwamfutar lokacin ba irin ta aljihunku ba ce. Inji ne guda ya cika ɗaki, ko taɓa shi ba a barinmu mu yi. Ka rubuta umarninka, a huda a kati, ka miƙa ta taga, ka dawo wata rana ka ga amsa.

Darasin da ya tsaya wa abokina a wuya shi ne wanda malaminmu ke kira pointeur. Malam ya ce ƙwaƙwalwar inji gurabe ce jere, kowane gurbi da lambarsa, wato adireshinsa. Shi pointeur ba ya riƙe da abu, lambar wurin da abin yake kawai yake riƙewa. In ka gama da gurbi kuma, sai ka sake shi. Ni ban wahalar da kaina ba, na haddace yadda malam ya jera a allo. Shi kuwa ba ya iya haddace abin da bai gane ba.

Wata la'asar muna zaune a ƙofar gida, hayaƙin masu soya, wato tsire, yana ta buso mu, ya ce, "Mutumina, wallahi pointeur ɗin nan shi zai mayar da ni Garwa."

Na ji kaina ya kumbura, yau ga ni zan koya wa gwani. Na ce, "Dubi gidan Baba. Ɗakunan nan su ne gurabe, kayan baƙi su ne abin da ke ciki. In aka zo neman buhun wane, Baba ɗauko shi yake yi? Cewa yake, ɗaki na uku. To wannan maganar ita ce pointeur."

Idonsa ya buɗe. Ya ce, "To in aka ce ka saki gurbi fa?"

"Baƙo ne ya yi sallama ya tafi."

"Ke nan kayansa suna nan?"

Na ce, "Suna nan mana." Ban ko yi tunani ba, don a gidanmu haka abin yake. Bafatake ya bar ƙunshinsa ya tafi, ya shekara bai dawo ba, ya zo ya tarar ko igiyar ba a kwance ba. Ni da shi duk ba mu taɓa ganin an yi wani abu dabam da kayan baƙo ba.

Daga ranar ya zama kamar an kunna fitila. Amma sai ya ɗauki wata al'ada: ya saki gurbi tukuna, sannan ya bi adireshin ya ɗauko abin da ya bari. Muka gwada a aji, ya yi daidai. Aikin aji ƙarami ne, wuri ya wadata, inji bai buƙaci gurbin ba, kayan suna nan yadda ya bar su. Muka tafa, muka tafi unguwar Messa muka sha shayi.

A jarrabawa aka kawo aiki mai yawa. Wuri ya yi wa inji kaɗan, duk gurbin da aka saki sai ya cusa wani abu a ciki. Ni haddata ta cece ni, don malam yakan kwashe abu kafin ya saki wuri, ni ma haka na yi ban san dalili ba. Takardar abokina ta fito da shirme tun daga sama har ƙasa.

Ya bi malam har bakin mota, yana kiransa Mushe yadda muke kiran malamai da Faransanci. "Amma Mushe, adireshin daidai ne!"

Malam ya ce, "Adireshin daidai ne, mai ɗakin ne ya canja. Wa ya gaya maka inji yana ajiyar amana?"

Ya juyo ya dube ni. Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na roƙi malam ya ba shi dama ta biyu, na ce misalina ne ya ɓatar da shi. Ya ɗaga kafaɗa ya ce doka doka ce.

Ranar da zai hau jirgin ƙasa ya koma Arewa, ya haɗa kayansa kaf, har buta. Baba ya tare shi a zaure ya ce, "Ɗana, bar akwatin nan mana. Ɗakinka ne, za ka dawo."

Ya durƙusa ya ce, "A'a Baba, na gode. A ba wani."

Bai dawo ba. Ni da ban kai rabinsa ba na yi shekaru ina cin abinci da wannan sana'a, har na koyar da ita, kuma abin yana yi mini ciwo. Abin da na koya shi ne, misali jagora ne mai kai ka rabin hanya. Tun daga nan ban sake ba ɗalibi misali ba sai na nuna masa inda misalin ya ƙare, domin wanda ya fi yarda da kai shi ya fi nisa in ka ɓatar da shi.