Hoton Gobarar Kudan da Baba Tanko Ya Hana Jarida

Bari in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: ni ne wawan labarin nan.

Duk wanda ya ci kasuwar Maƙarfi a farkon mulkin kai ya san Baba Tanko mai gyaran keke, da akwatin ɗaukar hoton da yake ratayawa cikin jakar fatar akuya. Wani tsohon soja ne ya bar masa. Baba Tanko ya raɗa mata suna Hajiya, wai ita ma ta ƙetare teku. In ka ce, "Baba, ɗauke ni mana," sai ya dube ka sama da ƙasa ya ce, "Fim ba ganyen rama ba ne. Je ka sake fuska ka dawo." Ranar sunan ɗansa ma ragon kaɗai ya ɗauka, wai yaro yana nan, rago kuwa yau ce tasa!

To, wani rani wuta ta kama wurin mazarƙwailar Alhaji Ɗanladi a Kudan, inda nake dafa ruwan rake, nake kuma neman 'yarsa Talatu. Busasshen ɓawon rake ya ɗauka fuu, dokin da ke juya injin yana ɗaure yana haniniya. Doki dai ya tsira. Da hayaƙi ya lafa na ce wa Alhaji ni na kwance shi. Ya yi ta sa mini albarka, har aka sa ranar biki.

Ashe Baba Tanko yana wurin, Hajiya kuma ta ƙifta ido sau ɗaya.

Da aka wanko hoton a Zariya, sai ga ɗan jarida a kan babur. Ni da na yi aji biyu a elementare na matso in taimaka da ilimi.

Ɗan jarida ya ce, "Baba, za mu buga hoton, sunanka ya fito a ƙasa."

"Me za ku ba ni?"

"Ai labarin masifa ne, Baba, ba a sayar da shi."

"To jaridar ranar kyauta za ku raba?"

Ɗan jarida ya sosa ƙeya.

Na ce, "Haba Baba! Ƙasa fa tamu ce yanzu. Ba shi, duniya ta ga jaruman Kudan!" Jarumi ɗaya nake nufi.

Ya ce, "Yaro, gemuna ne ya babbake, shi yana Kaduna yana shan shayi. Mai babur, a gaida gida."

Na yi ta yawo da shi a gari ina cewa marowaci ne, bai san zamani ba.

Sai bayan biki ya kira ni rumfarsa ya miƙo mini hoton. Inna lillahi! Ga Iya Kande mai ƙosai ta ci ɗamara tana yanke igiyar doki da wuƙarta. Ga ni can gefe, hula a hannu, takalmi ɗaya, na nufi gonar rake kamar an harbo ni, fuskar nan tawa tar. Na zauna a kan tayar keke ina ta hamdala.

Ya Allah ka jiƙan Baba Tanko, ka haskaka kabarinsa, ka haɗa da Iya Kande da ba ta taɓa tona ni ba. Jikokin Talatu da ke tsakar gidana yau, taurin kansa ne sila.

Ranar dai har ƙasa na durƙusa na ce, "Baba, na gode da ka rufa mini asiri."

Bai ko ɗago daga kacar da yake gyarawa ba ya ce, "Asirin wa? Da sun biya, da tuni ana ƙunsa ƙosai da gudunka."