Inna Mai Kwali, uwar 'yan tsakin da ba su da uwa

Kafin ta sa komai a bakinta da safe, Inna Mai Kwali sai ta duba fitila. Ta rage lagwani ko ta ƙara, ta zuba ruwa a ɗan kwanon da ke kusurwar kwalin, sannan ta bi ƙwan da ke kwance cikin ɓuntu tana juyawa ɗaya bayan ɗaya. Kowanne da zanen gawayi a gefe guda, don ta san wanda ta juya. Ba ta da abin auna zafi, a fatar idonta take ɗora ƙwai ta ji. Haka da rana, haka da yamma, shekara da shekaru. Ko barka ta je ba ta zama, tana gaisuwa tana neman takalmi: "Ku yi haƙuri, na bar yara da fitila."

Ku tambayi matar tela, wadda kazarta ta gudu ta bar ƙwai. Ku tambayi mai aski, da ya kawo na zabi a hula yana dariya, ya dawo ya kwashi 'ya'ya bakinsa a buɗe. Ni ban yi karatu mai nisa ba, abin da na gani zan faɗa.

Maigidana ya rasu bara. Ya bar baƙar kazarsa tana kwanci, ita ce yake ba tsaba a tafin hannu. Ba a gama zuwa gaisuwa ba muzuru ya ɗauke ta. Na tarar da gashi a tsakar gida, ƙwan kuma da sauran ɗumi. Abin da ya rage mai rai daga hannunsa ke nan. Na kwashe a zanena na ruga gidan Inna, ko takalmi babu.

Na ɗauka za ta karɓa. Sai ta ɗauko kwali da fitila ta ce, "Wuce mu je ɗakinki."

Na ce, "Inna, ni da ko ruwa ba na iya ɗagawa?"

Ta ce, "To ki kwanta su mutu. Ni ba matarsa ba ce."

Na ji haushinta ranar. Amma na tashi. Na juya ƙwai da safe, na juya da rana. Na shiga, na fita, na leƙa, na sake leƙawa, har ta ce in na ƙara buɗe kwalin nan ba dalili za ta ɗaure ni a turmi. Ta haska su da tocila ta nuna mini jajayen jijiyoyi suna motsi. Wasu ta ware, ta ce sun lalace, ba ta ɓoye mini ba.

Ranar da ɗan tsako na farko ya huda ɓawo, ya yi ta fama ya kasa fita. Na kai farce zan ɓare masa, ta make mini hannu.

"Za ki zubar masa da jini, 'yar nan. Zauna."

"Inna, mutuwa zai yi ina kallo."

"Na ce zauna."

Muka zauna, bakinta na motsi da addu'a. Sai bayan la'asar ya faɗo, jiƙe sharkaf, mummuna, baƙi ƙirin. Huɗu ne suka fito. A nan na yi kukan da na kasa yi ranar jana'iza.

Inna, ke ce kika ƙi tausaya mini yadda nake so. Ke ce uwar marasa uwa, mai hannun da ba ya fasa ƙwai. Yanzu ido ya soma gazawa, hayaƙin fitila ya cinye shi, ɗanki kuma ya ce zai zo ya tafi da ke wajensa. Na gode. Allah ya saka miki, ya ƙara miki lafiya, ya ji ƙan wanda ya bar mana kazar.

Ku kuma matan layinmu, kada ku tsaya yabo daga bakin ƙofa. Tana nan, tana koyarwa, ba ta karɓar komai sai kananzir. Ku je ta make muku hannu tun motar ɗanta ba ta iso ba.