Gwaggo Ladi da Tsamiyar da Na Zuba da Wuri

Shekara tara ke nan da rasuwar Gwaggo Ladi, ƙanwar mahaifina, amma har yau 'yan acaɓan hanyar Ribah in sun gan ni a Zuru, sai su ce, "Malama, ina kunun gidanku?" Kunya nake ji, domin kunun zaƙinta ya gagare ni.

Ba ta sa sukari. Sai ta dama ƙullun dawa da tafasasshen ruwa, ta bari ya ɗan huce, ta zuba niƙaƙƙen tsiron dawa, ta rufe. In an jima, kunun da ya yi kauri kamar tuwo sai ya saki, ya yi zaƙi. Ruwan tsamiya a ƙarshe take zubawa, bayan ta ɗanɗana da yatsa.

Ranar sunan jikanta ta bar mini tukunya ta tafi tarbar baƙi daga Wasagu. Ni kuwa, da rawar kan 'yar sakandare, na ce wannan jira na mene ne? Na antaya tsiro da tsamiya tare. Wayyo! Kunu ya ƙi saki, ga tsami kamar ya cire haƙori. Ta dawo ta lasa, ta dube ni.

"Talatu, kin kashe mini tsiro. Ba ya aiki cikin tsami."

Yanzu abin da nake koyarwa ke nan a aji. Cikin tsiro akwai inzayim, sinadarin da ke narkar da sitaci ya koma sukari. Ɗan tsami kaɗan bai dame shi ba, amma in ya yi yawa sai aikinsa ya ragu, har ya tsaya cak. Ta yaya matar da ba ta taɓa shiga aji ba ta gano haka? Tukunya nawa ta lalace mata kafin nan? Da ta ga takardar gwajin tsami da ɗalibaina ke tsomawa tana canja launi, na tabbata dariya za ta yi, ta ce ina harshensu?

Abin da ban tambaye ta ba shi ke damuna: wane ɗanɗano take jira kafin ta zuba tsamiyar? Na auna zafi, na auna tsami, nawa bai kai nata ba.

Makon jiya muna dama kunu, 'yata ta miƙa hannu za ta ɗauki kwanon tsamiya. Sai na ji bakina ya ce, "Dakata, tsiro bai gama ba." Na tsoma yatsa na lasa. Ban san abin da nake nema ba, amma na san ba shi ne wannan ba, sai na mayar da murfi.