Yadda Alhaji Inusa Ya Raba Ni da Likita

Shekara tara ke nan da muka kai Alhaji Inusa makwancinsa, kuma har yau ban gama bincike a kansa ba. Na san alherin mamaci ake faɗa, zan kuma faɗa, amma ku bari in fara shigar da ƙarata. Karatuna bai wuce aji huɗu na firamare ba, duk da haka ba a cika yi mini wayo a wuce ba, in ban da wannan bawan Allah.

Inusa mutumin zangon Kumasi ne, aikinsa tura marasa lafiya a keke a babban asibitin Camberwell, nan ƙasar Turawa. Ni kuwa daga wani ƙauye na ƙasar Kano na zo, a matsayin kukun wani ma'aikacin gwamnati. Maigida ya koma gida, ni na maƙale a unguwar Catford. A wani ɗan flat da muke sallar Juma'a muka saba. Yana ce mini Bakano, ina ce masa Ɗan Kumasi.

Bayan layin dogo a unguwarmu akwai wani fili na council, wato ƙaramar hukuma, da kowa ya mayar juji: ruɓaɓɓun katifu, tayoyi, kwalabe, ga ƙaya har ƙugu. Wata Asabar sai ga Inusa yana bin gidajenmu yana aron yara, wai za a yi gayya a gyara wurin. Nan take jikina ya ba ni akwai magana. A garinmu in an kira gayya akwai mai gona, shi zai dama fura, shi kuma zai kwashe amfanin ya kai rumbunsa. Na ce, "Ɗan Kumasi, gonar wa?"

Ya ce, "Na kowa ne, Bakano."

Na ce, "Kowa ɗin nan, a wane layi gidansa yake?"

Ya yi dariya ya tafi da 'yata Bilki, lokacin tana shekara goma sha biyu. Uwarta ce ta ba da izini ina banɗaki.

Ku fahimce ni. Fartanya na guje wa har na tsallako teku. Bilki kaɗai Allah ya ba ni, kuma tun tana goye na yanke cewa likita za ta zama, a asibitin da Inusa ke tura keke, ta riƙa aikensa. Sai ga yarinya tana dawowa da laka har gwiwa, tana ba ni labarin tsutsa da Turanci, ni ina yi mata faɗa da Hausa.

Saboda haka na shiga aikin leƙen asiri. Na tsaya a wurin jiran bas na tsallaken filin, na rufe fuska da jarida. Na ga 'ya'yan Turawa, da na Jamaika, da namu, suna jan katifa ɗaya suna ihu. Na ga wata tsohuwar Baturiya tana raba musu 'yan dashe. Da na kasa haƙuri na tsallaka na duba da kaina. Ba masara, ba kuɓewa, ko gwaiba ɗaya babu. Itatuwa ne irin na ƙasar nan, waɗanda kurege kaɗai ke cin 'ya'yansu. Na ce wa Inusa wane irin manomi ne zai wahalar da 'ya'yan mutane a kan abin da ba ya shiga tukunya? Ya ce, "In na shuka abin ci, kai ne farkon wanda zai zo da buhu. Gobe ka kafa shinge, jibi ka ce gadon babanka ne." Yara suka fashe da dariya, har da tawa.

Ban daina zargi ba. Na ce filin yake so ya mallake, don a wurinmu wanda ya sare daji shi ake bar wa wurin. Bai kafa ko rumfa ba. Na ce to council ke biyansa a ɓoye, amma takalminsa ɗaya har ya mutu. Na ce kujerar kansila yake hari, sai na ga ko taron siyasa ba ya zuwa. Duk ƙofar da na tsare, mutumin nan ba ta nan ya bi ba.

Ina can ina gadin fili, ashe gidana aka shiga. Bilki ta gama sakandare da sakamakon da zai kai ta karatun likita, ta zaunar da ni ta ce ita ilimin itatuwa za ta karanta. Na ɗauka zazzaɓi ne. Na yi fushi, na daina cin abincin gidan, na koma ci da na ga ba wanda ya lallashe ni. A lokacin Inusa yana kwance a asibitinsu, wasu ke tura shi. Na je dubiya da lemo a hannu, na ce, "Ɗan Kumasi, ka cuce ni." Ya ce, da Hausarsa ta zango, "Ni fartanya kawai na ba shi. Shi ne ya ƙi ajiyewa." Na ce, "Shi wa? Mace ce!" Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, nas ta kore ni. Ban sake samunsa da bakin magana ba.

Da zai leƙo yau, da ya ga itatuwan nan sun fi bas mai hawa biyu tsayi. Da ya ga Bilki da hular kwano da igiya a ƙugu, tana can sama tana datse rassa, ma'aikaciyar council sosai. Ina jin da zai yi tsaki in ya ga sabon yayi, inda ake raba wa yara riguna masu rubutu, wani mai kwat ya zo ya riƙe shebur a ɗau hoto, ya shige mota. Bara kuma muka ga wasu da na'urar awo suna zagaya filin, aka ce wurin ajiye motoci za a yi. A zaman da aka kira, yaran gayyar nan suka cika ɗakin, wasu da gemu, wasu da goyo. Bilki ta miƙe ta yi magana, manyan council suka yi ta gyara tabarau. Aka ce an ɗage batun. Ni ban yarda da ɗagewa ba, na san abin da ake nufi da ita, shi ya sa kullum da hantsi nake zagayawa in ga ko an kafa turaku.

To, me ya rage na Inusa? Bai bar gida ba, bai bar mota ba. Ni dai ya raba ni da likita, wannan ba zan janye ba. Amma na lura da wani abu. Abokaina da 'ya'yansu suka zama likitoci, wani nasa yana Amurka, wani Saudiyya, sai muryarsu a tarho ranar salla. Tawa an nemi ta koma wani gari da matsayi mafi girma, ta ce ba za ta bar itatuwanta ba. Duk yamma sai ta biyo ta gidana, ta zuba mini laka a kafet, ta tambaye ni ko na sha maganin hawan jini. Na fara zargin wannan ma da gangan ya shirya shi.

Allah ya jiƙanka, Ɗan Kumasi, ya sa kana inuwa. Amma ka zauna da shiri, in na iso akwai sauran tambayoyi.