Sauran Majigin, a Bakin Murhun Kaka

Rubuta yadda na faɗa, Hauwa, kada ki gyara mini. In kin ga hawaye ki ƙyale ni, kwanan nan zuwa suke yi ba sallama.

A unguwar Zaitawa na tashi, a hannun Kaka Yagana, mahaifiyar babana. Asalinmu Barno ne. Ina ƙarama babana ya tafi Makka a ƙasa, yadda ake tafiya a lokacin, shekaru suka yi ta wucewa ba labari. Shi ne ɗanta na fari, don haka Kaka ba ta kama sunansa, ba ta tambayar labarinsa. In alhazai suka dawo, matan gida su yi ta tambaya, ita kuwa ta juya tana hura wuta. Na ɗauka ba ta damu da shi ba, har na riƙe ta a zuciya.

Wata rana na kai tallan gyaɗa wajen Ƙofar Kabuga, bayan magariba aka kunna majigi a fili. Mai bayani ya ce daga wani littafi aka ciro labarin, wanda 'ya'yan Turawa ke so ƙwarai. Wata yarinya ce da ƙaninta suka hau kwalekwale mai tashi sama, suna neman ubansu da iska ta ɗauke. Sun iso bakin wani kogi mai magana ke nan aka kira isha'i. A gidanmu 'ya mace ba ta kai isha'i a waje. Na ɗauki farantina na taho ina kuka, don ban san ko sun same shi ba.

Na tarar da Kaka a bakin murhu, garwashin tuwo bai mutu ba.

"Wa ya taɓa ki, uwar kuka? Ko gyaɗar kika cinye?"

Na gaya mata. Ta ce, "Au, wannan? Ai a wajenmu Turawa suka ara. Matso ki ji sauran."

Kogin, in ji Kaka, ya ce ba zai ƙetarar da kowa ba sai an kwatanta masa wanda ake nema. Yarinyar ta ce dogo ne mai wushirya. Kogi ya ce masu wushirya da yawa sun wuce. Nan muryar Kaka ta yi ƙasa. Yarinyar ta ce yana da tabon ƙuna a gwiwar hannu, tun yana rarrafe ya faɗa murhu. Ba ya cin tuwo sai da ƙanzo. In ya firgita cikin barci, sai an dafa masa ƙeya yake komawa.

Na ce, "Kaka, yaya yarinya za ta san lokacin da ubanta ke rarrafe?"

"Ke, tatsuniya muke ko shari'a? Hayaƙin nan ma ya ishe ni."

Ta goge ido da gefen zane. Garwashi ne kawai, babu hayaƙi.

Kullum bayan tuwo yaran nan suna ƙara gaba. Sun ratsa garin da mutanensa ke sayar da inuwa, sun kwana a fuffuken wata tsuntsuwa, kuma ko'ina sai an sake tambayarsu kamanninsa. In na ce yaushe za su isa, ta ce, "Gaggawar me kike? Suna hanya." Babana bai dawo ba. Kaka ta rasu yaran suna hanya, Allah Ya jiƙanta.

Na daɗe da sanin abin da take yi a bakin murhun nan, amma sai bana na ji shi a jikina. Ni da Malam, kakanki, mun zauna tun gashinmu na baƙi har ya yi fari, ban taɓa kiran sunansa ba. Yanzu ya tafi, Allah Ya jiƙansa. Shi ya sa da ƙannenki suka nemi tatsuniya kika ji kogin ya dawo, kika ji wanda ake nema yana gyaran murya kafin ya yi sallama, yana ɓoye goro a cikin hula. Wallahi ban yi niyya ba, fitowa ya yi.

To, rubuta sunansa nan ƙasa, kin san shi. Ni har yanzu bakina bai iya ba.