Igiyar Saniyar Saude

A Tsamaye ta zamaninmu, abu biyu ba a hana maƙwabci: garwashin wuta da irin nono, wato ɗan tsohon nonon da ake zubawa cikin sabuwar madara don ta kama. Mutum ɗaya na sani da ta karya wannan al'ada, Saude matar Wada, wadda danga ɗaya ta raba gidanmu da nasu.

A lokacin fari na 1973 na dawo daga makarantar Mishan ina koyarwa a ƙauye. Wada ya tafi cin rani, ya bar Saude da ɗansu Illo a hannun yayansa Labbo, mai fatauci zuwa Maraɗi. Ƙyanda ta kama Illo. Ƙurajen suka warke, amma cikinsa ya ƙi komawa daidai. Kunu, tuwo, duk abin da ya ci sai ya zube. Nono kaɗai yake zama. Shekaru da yawa bayan haka, jikata mai aikin jinya ta ce mini akwai ƙananan halittu masu amfani a hanji, ciwo yakan rage su, nono mai tsami kuma yakan taimaka su dawo. Saude dai ta ga yaron ya fara zama da kansa.

Saniya ɗaya ta rage a gidan, Saude na ciyar da ita da ganyen da take kakkaɓowa daga itatuwa. Wata safiya na ji muryoyinsu ta danga.

"Yaya, don Allah bar ta har yaron ga shi miƙe," in ji Saude.

"Uwar Illo, saniyar gandu ce, ba taki ba. In ta mutu a turke, wa za shi biya ni? Ki dama mishi kunu kamar ɗiyan kowa."

Ya kai ta kasuwar Sabon Birni, ya sayo atamfa ta fatauci da kuɗin. Igiyar kawai ya bari a turke. Illo bai ga damina ba.

Saude ba ta yi faɗa ba. Da Wada ya dawo, ta sa ya raba gandu da Labbo, ta koma sana'ar nono. Da farin 1984 ya zo, Fulani suka kora shanunsu kudu, ƙoren matan gari suka bushe. Ita kaɗai ta riƙe irinta da madarar gari da ta awaki biyu. Kowace mace ta zo nema sai ta ba ta, amma da rantsuwa: ko cokali ɗaya kada ya shiga gidan Labbo.

A shekarar nan zazzaɓi mai tsanani ya kwantar da Labbo. Zazzaɓin ya wuce, zawo ya zauna, har riga ta yi masa yawa. A asibiti aka ce ya riƙa shan nono. Iyalinsa suka gwada madarar gari ba iri, ta ruɓe. Da yake ni maƙwabci ne, ni ya aika.

"Malam, ashe cikin manya ma yana lalacewa?" in ji Saude. "Ce mishi za ni aiko."

Da la'asar ta miƙo mini ƙwarya rufe da faifai, ta haɗa ni da saƙon baki. Na ji ba nauyi, amma ban buɗe ba, na kai masa. Labbo ya yunƙura ya zauna, ya ɗaga faifan. Igiya ce a naɗe, an shafe ta da man shanu don kada ta ruɓe. Ya daɗe yana duban ƙullin da shi da kansa ya yi.

"Me ta ce?"

"Ta ce a dama maka kunu."

Limami ya yi mata magana, Wada ma ya yi, ba ta sassauta ba. Labbo ya rasu kafin shuka. Saude ta je gaisuwa, ta yi addu'a tare da mata, sannan ta ce a miƙo mata ƙwaryarta da igiyarta.